Ginin da Aka Auna da Takun Doki: Nazarin Fasali da Gadon Zauren Horar da Dawaki na Fadar Hofburg a Biyana

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin zauren horar da dawaki na lokacin hunturu da ke cikin fadar Hofburg a Biyana, babban birnin Ostiriya. An gina shi tsakanin 1729 da 1735, kuma har yau a cikinsa Makarantar Hawan Doki ta Sifaniya ke gudanar da aikinta. Maƙalar ta bi diddigin asalin makarantar, ta duba awon zauren da rufinsa da barandarsa da bargar da ke makwabtaka da shi, sannan ta kwatanta makomarsa da ta takwarorinsa na Paris da Mosko da Salzburg. Nazarin ya nuna cewa kusan kowace siffa ta ginin daga buƙatar doki da mahayinsa ta samo asali, saboda haka adana bangonsa ba tare da adana sana'ar da ake yi a cikinsa ba rabin aiki ne. A ƙarshe an waiwayi hawan Sallah na Kano domin ganin abin da wannan darasi ke nufi a gare mu.

1.0 Gabatarwa



A ƙasar Hausa, mai doki ba ya buƙatar ɗaki kafin ya yi kilisa. Filin Allah na nan, rana na nan kusan duk shekara. A tsakiyar Turai lamarin ya sha bamban. Watanni da dama ƙasa kan daskare, ƙanƙara ta rufe fili, dokin da aka bari a turke kuwa horonsa kan lalace. Wannan larura ce ta haifar da wani nau'in gini da ba mu da irinsa: zaure mai rufi, mai faɗin da doki zai iya sukuwa a ciki. Sarakunan Turai sun gina irin waɗannan zaurukan da yawa tsakanin ƙarni na 16 da na 19. Da mota da jirgin ƙasa suka karɓe aikin doki, yawancinsu aka mayar da su wani abu dabam, wasu kuma aka rushe.

Na zaɓi zauren Biyana ne domin yana cikin 'yan kaɗan da ba su rabu da aikinsu na asali ba. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ya haɗa siffar wannan gini da sana'ar da ake yi a cikinsa, kuma me zai saura idan aka raba su?

2.0 Asalin Makarantar da Sunanta

Mai ji zai yi mamakin makarantar da ke Ostiriya amma ake kiranta ta Sifaniya. Sunan daga dawakin ya fito. A ƙarni na 16 gidan sarautar Habsburg na mulkin ƙasashen biyu, kuma Sarki Ferdinand na 1 a Sifaniya aka haife shi, a can ya tashi. A lokacin babu dokin da fadojin Turai ke daraja kamar na Sifaniya, saboda ƙarfin ƙugunsa da saurin ɗaukar horo. Makarantar na ƙirga shekarunta daga 1565, shekarar da takardun fada suka fara ambaton filin hawa kusa da Hofburg, shi ya sa ta yi bikin cika shekara 450 a 2015.

A 1580 Yarima Karl na 2 ya kafa gandun kiwon dawaki a ƙauyen Lipica, wanda yanzu yake cikin ƙasar Sulobeniya. Daga sunan ƙauyen aka samo sunan irin, wato Lipizzaner. Ingarmu shida ne tushen zuriyoyin da makarantar ke hawa: Pluto da Conversano da Maestoso da Favory da Neapolitano da Siglavy, wanda shi dokin Larabawa ne da aka haifa a 1810. Duƙushin wannan iri baƙi ko ja-ja ake haifarsa, sai ya yi ta washewa a hankali har ya zama kili bayan wasu shekaru. Za mu ga yadda wannan fari ya dace da launin zauren.

Wanda ya ba da umarnin ginin da muke magana a kai shi ne Sarki Karl na 6. Ya zauna a Barcelona yana neman gadon sarautar Sifaniya, bai samu ba, ya bar can a 1711 ya komo Biyana da al'adun fadar Sifaniya a zuciyarsa. Ya damƙa aikin ga Joseph Emanuel Fischer von Erlach, ɗan shahararren maginin nan Johann Bernhard Fischer von Erlach wanda ya tsara cocin Karlskirche. Kyan ɗa ya gaji ubansa: bayan rasuwar uban a 1723, ɗan ne ya ƙarasa cocin da kuma babban ɗakin karatu na fada, ya kuma fuskanci zauren dawaki. Rubutun Latin da ke jikin zauren ya fayyace manufarsa: koyar da 'ya'yan sarauta hawa, da horar da dawaki domin gwaninta da yaƙi.

3.0 Fasalin Ginin

3.1 Awo

Tsawon zauren mita 55 ne, faɗinsa mita 18, tsayinsa mita 17. Wato tsawon ya ninka faɗin sau uku da ɗan ƙari. Wannan awo na da ma'ana ga duk wanda ya san horon doki. Ginshiƙin horon shi ne da'ira da miƙaƙƙen layi. A kan da'ira ake koya wa doki lanƙwasa jiki da sa ƙafar baya ƙarƙashin nauyinsa, a kan layi kuma ake gwada ko ya miƙe sosai. Faɗin mita 18 na ba da da'irar da matashin doki zai iya zagayawa ba tare da an takura gaɓoɓinsa ba, kuma irin wannan da'ira uku ke shiga tsawon zauren a jere. Filin da ake gasar sarrafa doki a wasannin Olamfik a yau mita 60 ne da mita 20, wato rabon uku da ɗaya bai canja ba.

Bangon da ke kewaye da filin shi ma malami ne. Matashin doki kan jingina tafiyarsa da bango har ya koyi miƙewa, kusurwoyi huɗun kuma kowace ɗaya rubu'in da'ira ce da ke tilasta masa lanƙwasa. A 1733, ana tsakiyar ginin, gwanin Faransa François Robichon de La Guérinière ya fitar da cikakken littafinsa kan horon doki, wanda ya bayyana darussa da dama da ake yi a jikin bango. Makarantar Biyana na ɗaukar koyarwarsa a matsayin ɗaya daga cikin tushenta har yau.

3.2 Rufi

Babbar matsalar magini a irin wannan zaure ita ce rufe faɗin mita 18 ba tare da kafa ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba, domin ginshiƙi a tsakiyar fili haɗari ne ga doki mai gudu. Maginan ƙasar Hausa sun san irin wannan matsala. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban soro, shi ya sa suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga. A Biyana da katako aka warware ta. A saman zauren akwai wani gagarumin saƙi na katakai da ke zaune kan bangaye biyu na gefe, silin ɗin da mai kallo ke gani kuwa rataye yake a jikin wannan saƙi daga sama. Nauyin duka na sauka ne kan bangayen waje. Mai zaune a baranda ba ya ganin ko ɗaya daga cikin katakan, sai shimfiɗaɗɗen silin mai zanen akwatuna da adon farar ƙasa. Gwanintar kafintocin ƙarni na 18 a ɓoye take a saman kan jama'a, kuma ita ce sashen ginin da wuta ta fi yi wa barazana.

3.3 Launi, Haske da Baranda

Salon Barok da aka yi ginin da shi ya shahara da ruwan zinariya da zane-zane masu launi a bango da rufi. Ɗakin karatun fada da ke kusa, wanda magini ɗaya ya ƙarasa, cike yake da su. A zauren dawaki kuwa Fischer von Erlach ya kame hannunsa, ya bar kusan komai fari da ruwan toka mai haske. Haske na shigowa ta jerin tagogi na dogayen bangayen, farin bango ya watsa shi ko'ina, inuwa ta ragu. Doki dabba ce mai saurin firgita da inuwa da ƙyalli, don haka wannan natsuwar launi na yi masa amfani. Ga mai kallo kuma, babu abin da ke ɗauke ido daga farin ingarma da ke tafiya kan jan yashi, da mahayinsa sanye da kwat ruwan ƙasa.

Baranda hawa biyu ce ta kewaye filin, ginshiƙai 46 na ɗauke da ta sama. An ɗaga ta ƙasan sosai daga kan yashi, ta yadda doki na ganin bango ne a gefensa, jama'a kuwa na sama da kansa. Mai kallo na leƙo filin daga bisa, yana ganin zanen da dawaki ke yi da sawunsu, musamman a wasan ƙarshe da ingarmu takwas ke shiga tare suna saɓawa da haɗuwa.

3.4 Hoton Sarki da Turaku Biyu

A ƙarshen zauren, daura da ƙofar da dawaki ke shigowa, akwai mazaunin sarki, a cikinsa kuma hoton Karl na 6 bisa doki. Duk mahayin da ya shigo sai ya ɗaga hularsa ya gai da hoton kafin ya fara aiki. Sarautar Habsburg ta ƙare tun 1918, amma gaisuwar na nan, ta zama godiya ga wanda ya gina wurin. Wannan ɗabi'a ta nuna yadda tsarin gini ke iya riƙe al'ada: ƙofa na fuskantar hoto, saboda haka matakin farko na kowane mahayi zuwa wajen mai ginin yake.

A cikin filin kuma akwai turaku biyu a tsaye kusa da juna. Ana danganta wannan dabara da Antoine de Pluvinel, malamin hawa na Sarki Louis na 13 na Faransa. A tsakaninsu ake tsayar da doki a koya masa sassarfa a wuri ɗaya, yana ɗaga ƙafafu bi da bi ba tare da ya ci gaba ba. Daga nan ne ake gane dokin da ke da baiwar darussan sama: wanda zai dogara kan ƙafafun baya ya ɗaga gabansa ya tsaya cak, da wanda zai yi tsalle-tsalle a haka, da wanda zai tashi sama da ƙafa huɗu ya yi harbi da na baya yana cikin iska. Mahayi na yin waɗannan duka ba tare da likkafa ba.

4.0 Bargar Stallburg

Ba za a fahimci zauren ba sai an haɗa shi da bargarsa. Stallburg ta girmi zauren da kusan shekara 170. An gina ta a tsakiyar ƙarni na 16 domin ta zama gidan Yarima Maximilian, bisa salon Italiya, da tsakar gida mai kusurwa huɗu da baranda mai baka hawa uku. Da Maximilian ya hau gadon sarauta ya tare a tsohuwar fada, sai aka mayar da hawan ƙasa barga. Benayen sama kuwa sun daɗe suna ɗauke da taskar zane-zanen sarakuna kafin a kwashe ta zuwa fadar Belvedere a ƙarni na 18.

Ingarmu kimanin 70 ke zaune a nan, a tsakiyar birni. Kowace safiya ana jan su su ƙetare ɗan titin Reitschulgasse zuwa zauren domin aikin safe, mutane na tsayawa suna kallo. Goɗiyoyi da duƙusai kuwa suna Piber, a jihar Steiermark, inda aka mayar da gandun kiwon a 1920 bayan Lipica ta fita daga hannun Ostiriya. Ingarma na zuwa horo yana da shekara huɗu, ya shafe kimanin shekara shida kafin ya ƙware. Mahayi ya fi haka daɗewa. Yana farawa da shara da goge sirdi, sannan a ɗora shi kan tsohon doki ba linzami a hannunsa ba likkafa a ƙafarsa, malami na riƙe da doguwar igiya, har zamansa ya daidaita. Tsohon doki ke koya wa sabon mahayi, tsohon mahayi ya koya wa sabon doki. Mafi yawan wannan ilimi daga baki zuwa kunne yake tafiya.

5.0 Zauren a Hidimar da ba ta Doki ba

Fili mai murabba'in mita 990 ba ginshiƙi a tsakiya abu ne mai wuyar samu a Biyana ta wancan zamani, don haka an sha aron zauren. A watan Janairun 1743 Sarauniya Maria Theresia ta jagoranci matan fada a wani wasan dawaki da kekunan doki domin murnar ƙwato birnin Prague. A watan Nuwamban 1812 ɗaruruwan mawaƙa da makaɗa suka gabatar da wani aikin mai tsara kiɗa Handel a ciki, taron da ya kai ga kafa ƙungiyar masoya kiɗa ta Biyana. A lokacin Babban Taron Biyana na 1814 zuwa 1815, sarakunan Turai sun kalli wasanni a nan.

Mafi nauyi a tarihin siyasa shi ne 1848. A ranar 22 ga Yuli na wannan shekara majalisar wakilai ta farko da aka zaɓa a daular ta buɗe zamanta a cikin zauren. A nan wani matashin wakili ɗan manoma, Hans Kudlich, ya gabatar da ƙudurin 'yanta talakawan karkara daga aikin tilas da suke yi wa masu ƙasa, ya zama doka a ranar 7 ga Satumba. Ɗakin da aka gina domin 'ya'yan sarauta, a cikinsa aka sauke wa manoma kayan da iyayen gijinsu suka ɗora musu. Abin lura shi ne, bayan kowane aro ana kwashe kujeru da dakali, a baje yashi, dawaki su dawo.

6.0 Gwaji Uku

Sau uku a ƙarni na 20 wannan haɗi na gini da sana'a ya kusa tsinkewa. Na farko a 1918, da sarautar da ke ciyar da makarantar ta faɗi. Sabuwar jamhuriya ta karɓe ta, aka buɗe ƙofa ga duk mai iya sayen tikiti, abin da a da sai baƙin sarki.

Na biyu a 1945. Da bama-bamai suka tsananta a Biyana, shugaban makarantar Alois Podhajsky ya kwashe ingarmun zuwa St. Martin a yammacin ƙasar. Goɗiyoyin kuwa suna Hostau a ƙasar Cek, inda sojojin Amurka da ke ƙarƙashin Janar Patton suka fito da su. Makarantar ta yi zaman hijira a garin Wels, ba ta komo gida ba sai 1955. Shekara goma zauren na tsaye babu dawakinsa, sana'ar kuma na raye a wani wuri. Da a ce mahayan sun watse a wannan tsakani, da ginin ya tsira amma babu mai sanin abin da ake yi da turakun nan biyu.

Na uku a daren 26 zuwa 27 ga Nuwamban 1992, da gobara ta cinye zaurukan Redoutensäle da ke manne da makarantar. Cikin dare aka fito da dawakin, masu wucewa a titi suka taimaka wajen riƙe su har zuwa lambun Volksgarten. 'Yan kwana-kwana sun tare wutar, zauren ya tsira. Wannan karon sana'ar ce ta kusa rasa gidanta.

7.0 Gado Biyu a Wuri Ɗaya

Makomar takwarorin zauren na ƙara haska batun. Zauren dawaki na fadar Tuileries a Paris ya karɓi majalisar juyin juya halin Faransa daga 1789, amma a farkon ƙarni na 19 aka rushe shi domin fitar da titin Rivoli. Manege na Mosko, wanda aka gina a 1817 da rufin katako mai faɗin kusan mita 45, ya zama garejin motocin gwamnati a zamanin Tarayyar Sobiyet, daga baya ɗakin baje koli, sannan gobara ta cinye rufinsa a 2004 aka sake ginawa. Felsenreitschule na Salzburg, wanda aka sassaƙa barandarsa cikin dutse a 1693, yanzu dandalin wasan kwaikwayo da kiɗa ne. Biyun ƙarshe suna da amfani kuma ana kula da su. Sai dai mai ziyara na buƙatar a gaya masa cewa dawaki sun taɓa zagayawa a ciki. A Biyana yana gani da idonsa dalilin kowane awo.

Hukumar UNESCO ta amince da ɓangarorin biyu a rajista dabam-dabam. A 2001 ta sa tsakiyar tsohon birnin Biyana, har da Hofburg, cikin wuraren tarihi na duniya. A 2015 ta sa fasahar hawa ta makarantar cikin al'adun da ake gada ta hanyar koyo da aiki, a 2022 kuma ta ƙara da al'adar kiwon Lipizzaner da ƙasashe takwas suka yi tarayya a kai. Rajista biyu ne a takarda, a ƙasa kuwa abu ɗaya ne.

Wannan haɗi na da tsadarsa. Tun 2001 aka mayar da makarantar kamfani mallakar gwamnati da ake sa ran ya nemi kuɗin shigarsa, abin da ke matsa lamba a yawaita wasanni. A 2021 hukumar binciken kuɗin gwamnatin Ostiriya ta fitar da rahoton da ya nuna damuwa kan ƙarancin motsa jikin ingarmun da yanayin zamansu a cikin birni. Bargar ƙarni na 16 ba za a iya faɗaɗa ta yadda aka ga dama ba, domin ita ma abin adanawa ce. Cibiyar Heldenberg da ke karkara, inda ake kai dawakin hutu da horo, na rage wannan matsi. A ganina, duk inda haƙƙin dabba ya ci karo da son kuɗin shiga, haƙƙin dabbar ne ya kamata ya rinjaya, domin lafiyayyen doki shi ne dalilin ginin tun farko. Al'adar kuma ta nuna tana iya sauyawa ba tare da ta karye ba: a 2008 aka fara ɗaukar mata, a 2016 Hannah Zeitlhofer ta zama mace ta farko da ta kai matsayin cikakkiyar mahayiya.

8.0 Waiwaye Gida

A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano a rajistar da fasahar Biyana ke ciki. Hawanmu ba shi da zaure mai rufi, amma yana da wurarensa: filin Ƙofar Kudu inda ake jafi, hanyoyin da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ke bi, ƙofofin gari, bargar fada da Shamaki ke kula da ita, da unguwannin dukawa da maƙera masu yin sirdi da linzami da likkafa. Biyana ta koya mana cewa sana'a na buƙatar wurinta, wuri kuma na buƙatar sana'arsa. Idan aka cinye fili da shaguna, ko aka rushe tsohuwar barga ba tare da an auna ta an zana ba, wani sashe na hawan ya tafi ko da dawaki na nan. Ina ba da shawarar sassan nazarin gine-gine da na tarihi a jami'o'inmu su haɗa hannu su auna waɗannan wurare, su kuma naɗi bayanin dattawan barga tun suna raye.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa awon zauren Hofburg daga da'irar doki ya fito, rufinsa daga buƙatar fili marar ginshiƙi, launinsa daga halin dabbar, tsarin ƙofarsa kuma na riƙe da gaisuwar da ta girmi jamhuriyar ƙasar. Ta nuna kuma cewa a 1945 mahaya ne suka riƙe amanar ginin, a 1992 kuma mutanen gari suka riƙe ragamar dawakin. Ga mai aikin adana kayan tarihi, ma'aunin nasara a irin wannan wuri a bayyane yake: gobe da safe a buɗe ƙofar Stallburg, ingarma ya ƙetare titi, ya tarar da yashi a baje da malamin da ya san abin da zai koya masa.